Addini da Yaren Kwamfuta: Tambayoyin da Masu Koyon Rubuta Manhaja Suke Yawan Yi

Duk inda aka tara matasa ana koya musu rubuta manhaja, a Kano ne ko Jos ko Damagaram, ba a daɗewa sai maganar addini ta shigo. Wani ya ji an ce wanda ya ƙirƙiri yare kaza ɗan mishan ne, wata ta ga kalma mai kama da sunan aljani a allon kwamfutarta, wani kuma yana son rubuta manhajar rabon gado bai san da wane yare zai fara ba. Tambayoyi ne na gaske, kuma bai kamata a riƙa kore su da dariya ba. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Shin addinin mutum yana da alaƙa da yaren da yake rubuta manhaja da shi?

Kai tsaye dai, babu. Python da Java da JavaScript da C duk Musulmi na rubutu da su, Kirista na rubutu da su, haka Bayahude da ɗan Hindu da wanda bai yarda da kowane addini ba. In aka ba ka kod ɗin da wani ya rubuta ba tare da sunansa ba, ba za ka iya gane alƙiblarsa daga yaren da ya zaɓa ba.

Sai dai in aka tsaya a nan ba a faɗi gaskiya duka ba. Addini yana bayyana a wurare uku: a halin wasu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri yarukan, a irin aikin da mai rubuta manhaja ya yarda ya karɓa, da kuma irin tsantsenin da ake bukata idan manhajar ta shafi ibada. Na ukun nan ya fi sauran muhimmanci a wurina, shi ya sa amsoshin da suka shafi lokutan salla da gado da rubutun Alƙur'ani suka fi tsawo.

To me ke sa mutum ya zaɓi wani yare ya bar wani?

Yawanci abin da ya tarar ne: yaren da aka koya masa a makaranta, wanda abokinsa ya iya har zai taimaka masa idan ya maƙale, da wanda masu ɗaukar aiki suke nema. Mai son manhajar wayar Android zai faɗa Kotlin ko Dart, mai son shafin intanet ba shi da makawa daga JavaScript, mai lissafin bayanai kuma Python zai nufa.

Tarihin yaren Lua ya nuna yadda ake iya ruɗewa. An ƙirƙire shi a 1993 a wata jami'ar Katolika da ke Riyo-di-Janero a Burazil. Wanda ya ji haka zai ɗauka coci ce ta haife shi. Alhali dalilin na kasuwanci ne: tun daga 1977 har zuwa 1992 gwamnatin Burazil ta tsaurara shigo da kwamfutoci da manhajoji daga waje, sai masu bincike na jami'ar suka ƙera nasu kayan aikin don ayyukan da suke yi wa kamfanin mai na ƙasar, Petrobras. Yau da wani reshen Lua mai suna Luau ake rubuta wasannin Roblox, kuma yaran da ke yin hakan ba su taɓa jin sunan jami'ar ba.

Na ga ƙuri'ar jin ra'ayi da ta ce mabiya addini kaza sun fi son yare kaza. In yarda?

Ka fara tambayar su wa suka amsa. Irin waɗannan ƙuri'u a intanet ake saka su, wanda ya ga dama ya cike, kuma galibin masu cikewa 'yan Amurka da Turai ne masu jin Turanci. Idan yare ya yaɗu a wata ƙasa, dole addinin mutanen ƙasar ya fito da yawa a cikin masu amfani da shi. Indiya ta daɗe tana samar da ɗimbin masu rubuta Java saboda manyan kamfanonin da ke yi wa bankunan duniya aiki, don haka za a sami 'yan Hindu da yawa a cikinsu. Ƙasa da kasuwar aiki ne suka haɗa su, babu ruwan aƙida.

Babbar ƙuri'ar da ake ji da ita a wannan fanni, wadda shafin masu rubuta manhaja na Stack Overflow ke yi kowace shekara, tana tambayar ƙasa da shekaru da albashi da kayan aiki, ba ta tambayar addini.

Da gaske ne wanda ya ƙirƙiri Perl ɗan mishan ne?

Ya yi niyyar zama, bai zama ba. Larry Wall Ba'amurke ne, Kirista mai riƙo da addininsa, ɗan cocin Nazarin. Shi da matarsa sun karanta ilimin harsuna a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli da nufin su je su sami wani harshe da ba a taɓa rubuta shi ba, wataƙila a Afirka, su tsara masa haruffa, su fassara Littafi Mai Tsarki da shi. Rashin lafiya ya hana tafiyar. Sai ya shiga aikin kwamfuta, a 1987 ya fito da Perl.

Ba ya ɓoye tasirin imaninsa a kan yaren. Sunan ya samo asali ne daga misalin lu'ulu'u mai tsada da ke cikin Linjilar Matiyu, sura ta 13. Akwai umarni a yaren mai suna bless, wato sa albarka. Takardun da aka rubuta ana tsara sabon zubin yaren, wanda a 2019 aka sauya wa suna zuwa Raku, an raɗa musu sunaye irin na littattafan wahayi da tafsiri. Abin da ya fi waɗannan zurfi shi ne tsarin yaren kansa: taken Perl shi ne cewa hanyar yin abu ba ɗaya ba ce, kuma Wall ya sha danganta wannan da fahimtarsa cewa Mahalicci ya bar wa ɗan'adam zaɓi, don haka shi ma bai ga dalilin ɗaure hannun mai rubutu ba.

Duk da haka, dubban da suka rubuta Perl a shekarun 1990, lokacin da shafukan intanet da yawa a kansa suke tafiya, ba don Matiyu suka zo ba. Sun zo ne domin yaren ya iya sarrafa rubutu fiye da kowane a zamaninsa, kuma wannan ƙwarewar daga karatun harsunan Wall ta fito.

Ban da shi akwai wasu?

Akwai. Yukihiro Matsumoto, Bajapanen da ya fito da Ruby a 1995, ɗan cocin Momon ne, har ya yi mata aikin wa'azi yana matashi. Masu amfani da Ruby suna da wata magana da suke yi wa kansu, cewa tun da Matsumoto mutumin kirki ne su ma sai su zama na kirki. Donald Knuth, wanda ya ƙirƙiri TeX da masana lissafi ke buga takardunsu da shi, ɗan cocin Lutaran ne. Ya rubuta littafi guda a kan aya ta 16 ta sura ta 3 a littattafan Baibul, kuma a 1999 ya gabatar da laccoci a jami'ar MIT ta Amurka kan imani da kimiyyar kwamfuta.

Wanda aikinsa ya fi kusa da kai shi ne Richard Hipp, mai rumbun bayanai na SQLite da ya fito a 2000, wanda yake cikin kowace wayar Android da iPhone. A saman fayilolin kod ɗinsa, inda wasu ke rubuta gargaɗin lauya, shi addu'a ya rubuta: mai amfani da shi ya aikata alheri ya bar sharri, ya sami gafara ya yafe wa wasu, ya bayar kada ya ɗauki fiye da abin da ya bayar. A 2018 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka lura ƙa'idojin ɗa'ar da ya saka wa masu aikin an ɗauko su ne daga dokoki 72 na Benedik, wani malamin zuhudu na Kirista a ƙarni na 6. Ya sauya wa takardar suna, ya bayyana cewa alkawari ne tsakanin masu aikin kawai, bai shafi masu amfani ba.

A ɗaya ɓangaren, Richard Stallman na GNU da Linus Torvalds na Linux, manyan manhajojin kyauta da ke tafiyar da kwamfuta, duk sun faɗa da bakinsu cewa ba su bin addini. Kusan duk sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin wa'azi, na masallaci ko na coci, aikin mutanen nan biyu na ƙarƙashinta.

Ya halatta Musulmi ya koyi yaren da wanda ba Musulmi ba ya ƙirƙira?

Fatawa ta malamai ce, amma ƙa'idojin da suke ginawa a kai sanannu ne. Asali a cikin abubuwan duniya halacci ne sai dalili ya zo da hani, kuma al'amura suna bin manufarsu. Tarihi ma ya nuna haka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Wasu fursunonin Badar sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Ɗan jagoran da ya nuna hanya a tafiyar Hijira, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, a lokacin bai musulunta ba.

Yaren kwamfuta kamar alƙalami ne: da shi ake rubuta aya, da shi ake rubuta takardar bashi. Shafin Quran.com, wanda miliyoyin Musulmi ke karatu a kai, an gina ɓangaren da ke ba da bayanansa da Ruby, yaren ɗan cocin Momon ɗin nan. Inda ake bukatar tambayar malami da gaske shi ne abin da za ka gina da yaren, kuma na yi maganarsa a amsar da ta shafi aikin banki da caca.

Me ya sa nake ganin kalmomi irin daemon da Python da Delphi? Akwai tsafi a ciki?

Babu. Daemon manhaja ce da ke aiki a bayan fage ba tare da an kira ta ba, kamar mai jiran saƙo ko mai daidaita agogo, shi ya sa sunayensu a Linux suke ƙarewa da harafin d, irin sshd da httpd. Masu bincike a MIT ne suka raɗa sunan a 1963, sun ɗauko shi daga wani misali da masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya buga na wata 'yar halitta ta tunani da ke tace ƙwayoyin iska ba ta gajiya. Python kuwa ba daga maciji sunan ya fito ba: Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya fito da shi a 1991, sunan wani shirin barkwanci na BBC ya ara, hoton macijin daga baya aka liƙa. Delphi, wani kayan rubuta manhaja, sunan wani gari ne na tsohuwar Girka da ake zuwa duba, an zaɓe shi ne don ya dace da sunan rumbun bayanai na Oracle, wato mai duba.

Rubuta umarnin ba kiran kowa ba ne, kwamfuta lambobi take gani. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hoton wani tambari ba, babu wanda ya tilasta masa manna shi a bayan kwamfutarsa.

Me ya sa masu rubuta manhaja suke kiran gardamarsu yaƙin addini?

Al'ada ce ta tsofaffin masu wannan sana'a a Amurka. A 1980 Danny Cohen ya rubuta wata takarda yana roƙon a sasanta kan gardamar ta wane gefe ya kamata a fara jera lambobi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya kira rigimar yaƙin addini, sunan ya zauna. A 1994 marubucin Italiya Umberto Eco ya kamanta kwamfutar Macintosh da Katolika, masu tsarin DOS da Furotesta. Stallman yakan sa alkyabba a taro ya ce shi waliyyin cocin Emacs ne, wata manhajar rubuta kod. Masu Python suna da jerin ƙa'idoji da Tim Peters ya rubuta a 1999 aka laƙaba musu sunan Zen, a ciki har da cewa ya kamata a sami hanya ɗaya bayyananniya ta yin abu, wanda kishiyar taken Perl ne.

A wurinsu raha ce. A wurinmu, inda rikicin addini ya ci rayuka kuma kusan kowa ya san gidan da aka yi rashi, ba na son a shigo da ita ajin koyarwa. Akwai rubuce-rubucen barkwanci da ke yawo suna cewa yare kaza shi ne Musulunci, kaza Kiristanci. Kada ka tura su zauren da kuke tare da abokan aiki. Abin da maganar take nunawa kuwa gaskiya ne: ta'assubanci yana kama mai rubuta manhaja, har ya raina ɗan'uwansa don yana rubuta PHP. Na ga ɗalibai sun daina zuwa aji saboda irin wannan rainin.

Akwai yaren da aka ƙirƙira musamman don addini?

Wanda aka fi sani shi ne HolyC na Terry Davis, kuma labarinsa na tausayi ne. Davis ƙwararre ne na gaske da ya yi fama da taɓin hankali. Ya yi imanin Allah ne ya umarce shi ya gina haikali a cikin kwamfuta, sai ya kwashe kimanin shekara 10 shi kaɗai yana rubuta babbar manhajar TempleOS, tun daga yaren har abin da ke fassara shi, da allo mai launi 16 wanda ya ce haka aka umarce shi. Ya ƙare ba shi da matsuguni, jirgin ƙasa ya kaɗe shi a jihar Oregon a 2018. Masana sun yarda aikin da ya yi shi kaɗai abin mamaki ne, amma ba a amfani da shi a wani aiki na yau da kullum, kuma ba wata coci da ta ɗauke shi nata.

An kuma yi zubin Linux da aka cika da manhajojin ibada, irin Ubuntu Christian Edition na Kiristoci da Sabily na Musulmi. Waɗannan tattara kaya suka yi wuri ɗaya, yarukan da ke ƙarƙashinsu na kowa ne.

Ba yaren Larabci ko na Hausa da Musulmi zai riƙe a matsayin nasa?

Akwai yarukan da umarninsu na Larabci ne. Qalb, wanda Ramsey Nasser ya yi, shi ya fi suna, amma manufarsa ba addini ba ce: so ya yi ya nuna yadda kayan aikin kwamfuta suka ginu a kan haruffan Turanci har suke tuntuɓe idan sun haɗu da wani rubutu. A Najeriya an yi Yorlang da umarnin Yarabanci don masu koyo. Suna da amfani wajen koyarwa, amma ba za ka ci abinci da su ba, don ba su da tarin kod ɗin da aka riga aka rubuta wanda manyan yaruka suke da shi. Larabci kuma harshen Kiristocin Masar da Labanan ne kamar yadda yake na Musulmi.

In kana son Hausa a aikinka, Python 3 yana karɓar sunaye da haruffanmu masu ƙugiya. Kana iya rubuta kuɗi = 500 ko ƙanne = 3 ya yi aiki lafiya. Wanda kuma yake neman abin alfahari a tarihi, yana da shi tun kafin a ƙera kwamfuta: daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, aka samo sunan algoridim, kuma babban kaso na littafinsa na aljabara lissafin wasiyya da gado ne.

Ina son rubuta manhajar lokutan salla da kalandar Hijira. Wane yare ya fi?

Duk wanda ka iya zai yi, don lissafin matsayin rana ne kuma akwai laburaren kod, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, da suka gama shi, irin Adhan da ake samu a Swift da Kotlin da JavaScript. Wahalar tana cikin zaɓin da laburaren zai ba ka. Alfijir ana lissafa shi da yawan digirin da rana take ƙasa da sararin gabas: Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, tana amfani da 18, hukumar Masar 19.5, Ummul Ƙura ta Makka 18.5, ƙungiyar Musulmin Arewacin Amurka 15. Bambancin yakan kai mintuna da dama, kuma a watan azumi mintunan nan sahur ɗin mutane ne. La'asar ma haka: a Malikiyya tana shiga idan inuwar abu ta ƙaru da tsawonsa sau ɗaya, a Hanafiyya sau biyu. In ka kwafi kod ɗin da aka saita wa Pakistan ba ka duba ba, za ka jinkirta wa Bakano la'asar da kusan awa guda. Alƙibla daga Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas mai karkata arewa, ka gwada lissafinka da wannan.

Kalanda ta fi haka sarƙaƙiya. Java tun zubi na 8 a 2014 yana ɗauke da kalandar Hijira, JavaScript da C# su ma suna da ita, amma abin da suke bayarwa lissafi ne, yawanci na Ummul Ƙura. A Najeriya kuwa wata yana tsayawa ne da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi bayan an tantance gani, a Nijar ma hukumomin ƙasar ke da tasu sanarwar, kuma sau da yawa akan sami bambancin kwana ɗaya. Babu yaren da zai hango wannan. Ka sa maɓallin ƙara kwana ko rage shi, ko hanyar da za ka sabunta ranar daga nesa da zarar an yi sanarwa, sannan ka rubuta a fili wane lissafi manhajarka take bi.

Mai rubuta wa coci kalanda yana da irin wannan aikin. Ranar Ista tana sauyawa kowace shekara, kuma cocin Yamma da na Gabas, irin na Habasha da Kibɗawan Masar, lissafinsu daban ne.

Manhajar rabon gado da zakka fa?

Nan ne zaɓin yare yake da tasiri na zahiri. Rabon gado da ɓangarori ake yin sa: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Kwamfuta kuwa ba ta iya riƙe sulusi daidai a lambobinta masu ɗigo. Buɗe Python ko JavaScript ka rubuta 0.1 + 0.2, amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004. Python yana da Fraction da ke riƙe ɗaya bisa uku yadda yake, da Decimal don kuɗi. Java yana da BigDecimal. JavaScript ba shi da na ɓangarori a cikinsa, sai ka ɗauko laburare ko ka mayar da komai kwabo ka yi lissafi da cikakkun lambobi. Haka za ka yi wa kashi 2.5 cikin 100 na zakka.

Ga gwajin da nake ba duk wanda ya kawo mini irin wannan manhaja. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye, dukiya naira 700,000. Miji yana da rabi, matan suna da sulusi biyu. In ka haɗa, bakwai bisa shida ne, ya zarce dukiyar. Manhajar da ba ta san auli ba za ta ba miji 350,000 ta raba wa matan ragowar, ko ta raba kuɗin da babu su. Daidai shi ne a ɗaga asalin daga 6 zuwa 7, kamar yadda aka yi tun zamanin Sayyidina Umar: miji 300,000, kowace mace 200,000.

Bayan lissafi akwai mazhaba. Idan kaka na wajen uba ya haɗu da 'yan'uwan mamaci, Abu Hanifa ya ce kakan ya kore su, Imamu Malik ya ce su yi tarayya. Kod ɗin da ka tsinta a intanet ɗayan biyun yake bi, kuma sau da yawa bai faɗa ba. Kada ka saki manhajar gado sai malamin fara'ili ya zauna da kai ya jarraba ta da mas'aloli masu wuya, kuma ka rubuta a fuskarta cewa ba ta maye gurbin alƙali ba. Haƙƙin marayu ne ke bi ta cikin kod ɗin.

Wane yare ne ya fi iya rubutun Alƙur'ani da ajami?

Kusan duk yarukan zamani sun san Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, don haka matsalar ba ta cika zama ta yare ba. Tana wajen bayanai da fasalin haruffa. Yawancin kod da rumbunan Alƙur'ani da ke intanet na ruwayar Hafsu ne, mu kuwa allo da Warshu muka tashi. Ƙidayar ayoyi ma ta bambanta: 6,236 a ƙidayar Kufa da Hafsu ke bi, 6,214 a ƙidayar Madina da mus'hafin Warshu ke bi. Baƙara aya 286 ce a ɗaya, 285 a ɗayan. In ka haɗa nassin Warshu da fassara ko sautin da aka jera da lambobin Hafsu, aya za ta riƙa zamewa daga fassararta ba tare da kwamfuta ta yi ƙorafi ba. Kada kuma ka bar wani umarni na tsaftace rubutu ya taɓa nassin, don yakan share wasula da alamomi.

Fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, irin na rubutunmu, sun sami lambobinsu na musamman a Unicode 9.0 a 2016. Fasalin haruffa da aka yi don yankinmu akwai Harmattan, da Alkalami wanda ya kwaikwayi rubutun Kano. Ƙungiyar SIL ce ta yi su, ƙungiyar Kirista mai nazarin harsuna don fassarar Baibul, irin aikin da Larry Wall ya so yi. Kyauta suke, kuma lasisinsu bai hana kowa amfani da su ba. Komai ka yi amfani da shi, ka ba alaramma wayar ya karanta shafi-shafi kafin ka saki.

Yaren da na koya zai iya kai ni aikin da addinina bai yarda da shi ba?

Zai iya karkata ka, ba zai tilasta ka ba. COBOL, wanda aka yi tun 1959, kusan a manyan bankuna da inshora da ma'aikatun gwamnati kaɗai ya rage, don haka mai gudun riba ya san inda zai kai shi. Solidity na kuɗin kirifto ne, kuma malamai sun saɓa a kansu. Java da C# suna da yawa a bankuna, amma suna asibitoci da kamfanonin waya da makarantu. Bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019 da Lotus a 2021, su ma da irin waɗannan yarukan ake yi musu aiki.

Abin da ya fi yawan faruwa ga matasanmu shi ne aikin nesa: wani ya turo saƙo yana neman a gina masa shafi, kuɗin da kauri, sai an yi nisa a gane na caca ne, ko na batsa, ko na damfara. Musulmi yana da aya ta 2 ta Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan zunubi, Kirista mai tsoron Allah shi ma ba zai so hannunsa a ciki ba. Ka tambayi me manhajar za ta yi kafin ka karɓi kafin alƙalami. Inda abin ya cakuɗe, kamar kamfanin biyan kuɗi da wasu abokan cinikinsa 'yan caca ne, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun mu'amala, ka bayyana masa ainihin abin da hannunka zai taɓa, don amsar takan bambanta tsakanin mai rubuta lissafin ruwan bashi da mai gyara shafin shiga.

Zan iya sakin kod ɗina kyauta amma in hana a yi haram da shi?

Kana da ikon rubuta sharaɗin da ka so a kan abin da ka mallaka, amma da ka sa shi, aikinka ya fita daga abin da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, don ƙa'idarta ta hana ware wasu mutane ko wani fannin aiki. An gwada. Douglas Crockford ya sa layi ɗaya a lasisin kod ɗinsa na JSON cewa a yi alheri da shi kada a yi sharri, sai Debian, wani zubin Linux, da wasu manyan ayyuka suka ƙi ɗaukar kod ɗin, saboda ba wanda zai iya fayyace wa kotu iyakar sharri. Masu Linux na Larabci mai suna Ojuba sun rubuta lasisin waƙafi a kan tunanin Musulunci, shi ma bai yaɗu ba.

Hanyar Hipp da na ambata a sama ta fi aiki: ya saki kod ɗin ga kowa, ya rubuta fatansa a sama a matsayin addu'a, bai mai da shi doka ba. In niyyarka sadaka mai gudana ce, ka zaɓi sanannen lasisi. Lasisin MIT yana barin kowa ya ɗauka ya yi abin da ya so, har ya rufe nasa gyaran ya sayar. GPL yana wajabta wa duk wanda ya gyara ya rarraba ya buɗe nasa gyaran shi ma, don haka ya fi kusa da manufar wanda yake son abin ya ci gaba da zama na jama'a. In kuma abin da ka gina yana da haɗarin da ba za ka iya ɗauka ba, kada ka saki kod ɗin, ka riƙe shi a sabarka ka ba wanda ka yarda da shi damar shiga.